Shin dole ne yaro ya bi iyayensa a kan komai? Yadda koyarwar Kirista ta ɗauki lamarin

Shin yaro zai bi iyayensa a kan duk abin da suka ce, ko kuwa biyayyar tana da inda ta tsaya? Tambaya ce da ba ta tsufa. Da zarar labari ya ɓulla na uban da ya yi wa ɗansa dukan kawo wuƙa, ko na yarinyar da ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, ko na wanda ya yi kuɗi a Abuja ya manta da tsohuwarsa a ƙauye, sai ka ga Facebook ta rabu gida biyu. Waɗansu su ce yaran zamani sun fitsare, an daina koya musu "ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka". Waɗansu su ce ai da wannan ayar aka daɗe ana fakewa ana danne yara. Kowa ya riƙe rabin maganar yana jifan ɗan'uwansa da ita.

Ni tambayar ta riske ni ne a ajin makarantar Lahadi. Muna zaune kan bencina a bayan coci, mun gama maimaita ayar haddacewa ta ranar, Afisawa 6:1, sai wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, idan mai bin Baba bashi ya yi sallama, Baba ya ce in je in ce ba ya nan, alhali yana ɗaki a kwance, maganar Baba zan bi ko gaskiya zan faɗa?" Aji ya fashe da dariya, don da wuya a samu wanda ba a taɓa yi masa irin wannan aike ba. Ni kuwa na tsaya ina sosa ƙeya. Kafin a ba ta amsa mai ma'ana, sai an warware abubuwa da dama da muka saba cakuɗawa.

Doka ta biyar, ko ta huɗu?

Tushen maganar yana cikin Dokoki Goma. Fitowa 20:12 ta ce a girmama uba da uwa domin a yi tsawon rai a ƙasar da Ubangiji yake bayarwa. An sake kawo ta a Maimaitawar Shari'a 5:16, littafin da dattawan da suka tashi da tsohon juyin Hausa na 1932 suka sani da Kubawar Shari'a.

Yaron da ya yi ajin baftisma a ECWA ko COCIN ko Baptis ko Angilikan zai ce maka doka ta biyar ce. Ɗan Katolika, da ɗan Lutheran irin na Numan, za su ce ta huɗu ce. Babu wanda ya yi kuskure. Bambancin daga lissafi ne: waɗansu suna haɗa hanin bauta wa waɗansu alloli da hanin sassaƙa gumaka su zama doka ɗaya, waɗansu suna raba su biyu. Ko ta wace hanya aka ƙirga, a wuri guda take zaune, tsakanin dokokin da suka shafi mutum da Allah da waɗanda suka shafi mutum da maƙwabcinsa. Ta zo kafin hanin kisa da zina da sata. Kuma ta ambaci uwa kafaɗa da kafaɗa da uba. A Littafin Firistoci 19:3 ma uwar aka fara kira.

Jin nauyi daban, jin magana daban

Nan ne ruɗanin ya fi yawa, don muna amfani da girmamawa da biyayya kamar kalma ɗaya ce. Littafi Mai Tsarki bai yi haka ba.

Kalmar Ibrananci da aka juya zuwa "girmama" a Fitowa ta fito ne daga tushen da ke nufin nauyi. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. Idan ya ce "ina jin nauyinsa", ya san abin da yake faɗa: mutumin yana da matsayin da ba a yi masa wargi, ba a ɗaga masa murya, ba a kiran sunansa gatsau. Yarinyar da ta durƙusa ta gaida mahaifinta, da saurayin da ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, nauyin nan suke nunawa. Kishiyarsa ita ce raini, wato a mai da mutum ba nauyi, a ɗauke shi kamar ƙaiƙayi.

Biyayya kuwa, wadda Manzo Bulus ya yi maganarta a Afisawa 6:1 da Kolosiyawa 3:20, kalmar Helenancinta daga "ji" aka gina ta. Nan ma Hausa ta yi daidai da asalin. Yaro mai biyayya shi ne mai jin magana, marar biyayya kuma mai kunnen ƙashi.

Ana iya samun ɗaya babu ɗaya. Akwai yaron da za a aika ya tafi, amma yana tafe yana ƙunƙuni yana buga ƙafa, ya dawo ya dangwarar da saƙon. Ya ji magana, bai ji nauyi ba. Akwai kuma magidanci ɗan shekara arba'in da mahaifinsa zai ce ya sayar da gona, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba," ya kawo dalilansa cikin ladabi, gobe kuma ya aiko da buhun masara. Bai bi umarnin ba, amma girman uban bai taɓu ba. Yesu da kansa ya ba da misalin 'ya'ya biyu a Matiyu 21: ɗaya ya ce wa uban "to" bai je gona ba, ɗaya ya ce "a'a" daga baya ya tuba ya je. Wanda ya tuba ya je ɗin ne ya yi abin da uban yake so. Wannan misali yana da amfani a wurinmu, inda "to, Baba" ta fi komai sauƙin faɗa.

Da wa aka fara yin maganar?

Mun mai da wannan doka ta yara. A makarantar Lahadi ake rera ta, a nan ake haddace ta, manya kuma suna zaune suna gyaɗa kai. Amma a duba waɗanda aka yi wa jawabin Dokoki Goma. Mutumin da aka ce wa kada ya yi zina, kada ya yi ƙyashin matar maƙwabcinsa, ya bar ɗansa da 'yarsa da baransa da dabbobinsa su huta ran Asabar, ai magidanci ne. Shi ɗin ne aka ce wa ya girmama ubansa da uwarsa. Iyayen irin wannan mutum kuwa sun tsufa, ƙarfinsu ya ƙare, ba su iya noma ba su iya tsawa. A zamanin da babu fansho, rayuwarsu tana hannun 'ya'yansu. Shi ya sa Karin Magana 23:22 ta ce kada ka raina mahaifiyarka sa'ad da ta tsufa.

Inda Yesu ya fi zafafawa a kan wannan doka ma, da manya yake. A Markus 7 ya tuhumi Farisiyawa da malaman Attaura a kan wata al'ada da ake kira korban. Mutum zai ce dukiyar da ya kamata ya taimaki iyayensa da ita ya keɓe ta ga Allah, shi ke nan sai a ɗauke masa nauyin iyayen. Yesu ya ce da wannan dabara sun soke maganar Allah saboda al'adarsu.

Wannan wuri ya kamata ya sa mu zufa. Mun san mutumin da za a kira sunansa a lasifika ranar godiyar kaka ko ranar tara kuɗin ginin coci, ya yi alkawarin buhunan siminti ana tafi ana guɗa, alhali mahaifiyarsa tana ƙauye maganin hawan jininta ya ƙare tun makon jiya, ɗakinta yana yoyo. Ban ce kada a yi baiko ba. Amma a 1 Timoti 5 Bulus ya ce 'ya'ya da jikoki su fara nuna ibadarsu a gida ta wurin sāka wa iyayensu, ya ƙara da cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya musunci bangaskiya, ya fi marar bi muni. Yesu kuma, yana kan gicciye, sai da ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, kamar yadda Yahaya 19 ta nuna. Girmamawar da ake magana tana cin kuɗi, tana cin lokaci, tana cin kuɗin mota zuwa gida.

"Cikin Ubangiji"

Sai mu dawo ga yara. Babu shakka koyarwar Kirista tana so yaro ya ji magana. Luka 2 ta ba da labarin Yesu yana ɗan shekara 12, ya tsaya a Haikali a Urushalima bayan Idin Ƙetarewa, Maryamu da Yusufu suka yi kwana uku suna nemansa. Da suka same shi, ya bi su Nazarat yana yi musu biyayya. Malaman makarantar Lahadi suna son wannan labari, kuma da dalili: idan shi ya bi masassaƙi da matarsa, wane yaro ne zai ce ya fi ƙarfin aike? Dalilin biyayyar ma a fili yake. Yaro bai san wuta ba, bai san rijiya ba, bai san mugun aboki ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba.

Kolosiyawa 3:20 ta ce a yi biyayya a cikin kome. Masu cewa babu iyaka nan suke kafa hujja. Amma Afisawa 6:1 ta ɗaura wa umarnin kalmomi biyu, "cikin Ubangiji", kuma Kolosiyawan kanta ta ce dalilin biyayyar shi ne tana faranta wa Ubangiji rai. Abin da ba zai faranta masa rai ba, ba ya shiga cikin "kome" ɗin. Manzanni sun faɗa wa majalisa a Ayyukan Manzanni 5:29 cewa wajibi ne a bi Allah fiye da mutum. Jonatan ya ƙi bin mahaifinsa Sarki Saul a kan kashe Dawuda, har ya tsaya gabansa yana kare Dawuda, amma bai rabu da uban ba, tare suka mutu a fagen yaƙi a Dutsen Gilbowa. Katekizim na Katolika, wato littafin koyarwar cocin, da ya fito a 1992 ya faɗe ta ƙarara a sakin layi na 2217: yaro ya bi iyayensa a abin da yake don amfaninsa ko na iyali, amma idan lamirinsa ya tabbatar masa cewa wani umarni zunubi ne, kada ya bi.

Maƙwabtanmu Musulmi ba za su ji wannan baƙo ba. Suratu Luƙman ta yi wasiyya da kyautata wa iyaye, ta ce idan suka matsa a yi shirka kada a bi su, amma a ci gaba da zama da su cikin alheri. Karin maganar nan ta "bin na gaba bin Allah" ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba a addinan biyu.

Sai dai akwai tarko. Da ka faɗa wa yara cewa biyayya tana da iyaka, wani zai mai da wanke-wanke zunubi. Dole a bambance musu tsakanin abin da ba sa so da abin da yake mugu. Shara, ɗebo ruwa, ajiye waya a yi barci, rabuwa da abokin da Mama ba ta yarda da shi ba, duk waɗannan ba su cikin abin da ake ƙi, ko da yaro yana ganin an matsa masa. Abin da ake ƙi shi ne ƙarya, sata, cutar da wani, da kuma abin da zai cuci yaron kansa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna. Yaran da aka koya wa cewa babba ba ya laifi su ne suka fi saurin yin shiru idan wani babba ya taɓa su inda bai kamata ba, ya ce kada su faɗa wa kowa. Abin ya fi tsanani ga 'yan riƙo, waɗanda aka kawo birni gidan kawu ko gwaggo, aka ce musu "ga iyayenku nan". Malamin da ya koyar da biyayya bai koya wa yaro cewa akwai umarnin da ake ƙi a kuma kai ƙara ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Ayar da ba a ba yara su haddace

Ayar haddacewa yawanci a aya ta 3 take tsayawa. Aya ta 4 ta Afisawa 6 kuwa iyaye maza take kira: kada ku tsokani 'ya'yanku su yi fushi, sai dai ku goye su da horo da gargaɗi na Ubangiji. Kolosiyawa 3:21 ta ƙara dalili, don kada su karai. Afisa birni ne a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, a ƙarƙashin mulkin Roma, inda doka ta ba uba iko kusan marar iyaka a kan 'ya'yansa muddin yana raye, ko da sun yi gemu. A irin wannan wuri, a tashi a gaban taro a ce wa uba shi ma akwai abin da aka hana shi, ba ƙaramar magana ba ce.

Yaya ake tsokanar yaro? Da fifita ɗan wannan ɗaki a kan na wancan. Da alkawarin da ba a cikawa. Da zagi irin su "ba za ka taɓa zama komai ba". Da hukunta shi yau a kan abin da aka yi masa dariya jiya. Da aika shi sayen giya ranar Asabar a kuma kai shi coci ranar Lahadi.

Nan ne gardamar bulala take shigowa. Masu goyon baya suna kawo Karin Magana 13:24, cewa wanda ya hana ɗansa sanda ƙinsa yake yi, su ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu adawa suna cewa sandan makiyayi na kiwo ne da nuna hanya, kamar wanda Zabura 23 ta ce yana ta'azantarwa, kuma kalmar horo ta fi duka faɗi. Ƙasashe ma sun rabu. Suwidin ta haramta dukan yara gaba ɗaya tun 1979. A Arewacin Najeriya, kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960 ya bar wa iyaye damar horo a sashe na 55, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana azabtar da yaro, ita ce kuma ta ɗora masa nauyin girmama iyaye da manya da taimaka musu idan suna cikin bukata. A ganina, duk inda mutum ya tsaya a gardamar, dukan da aka yi da wayar wuta cikin fushi, wanda ya bar tabo, huce haushi ne, kuma aya ta 4 ta riga ta yi magana a kansa.

Tsawon rai, albarka da baki

Bulus ya kira wannan doka ta farko mai alkawari. Yara sukan tambaya, to yaron kirkin da ya mutu yana ƙarami fa? Alkawarin na asali ga al'ummar Isra'ila aka yi shi, a kan daɗewa a ƙasar da za su shiga: jama'ar da take riƙe tsofaffinta tana daɗewa. Ba takardar lamuni ba ce ga kowane mutum cewa zai kai shekara 90, kuma zalunci ne a kalli iyayen da suka binne ɗa a sa musu zargin cewa rashin biyayya ne ya kashe shi.

Haka batun baki. Mun san darajar "Allah ya yi maka albarka" daga bakin uwa, kuma Littafi Mai Tsarki cike yake da iyaye masu sa albarka. Amma akwai iyayen da suka mai da baki makami, ko kuɗin cefane aka yi jinkirin aikowa sai barazanar tsinuwa. Karin Magana 26:2 ta ce la'anar da ba ta da dalili kamar tsuntsu mai shawagi take, ba ta sauka.

Idan yaro ya girma

Biyayya irin ta yaro tana da wa'adi. Sakin layin nan na 2217 na Katekizim ya ce tana ƙarewa sa'ad da ɗa ya kama gaban kansa, girmamawa kuwa ba ta ƙarewa. Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Rikicin uwar miji da matar ɗa, wanda dattawan ikilisiya suka gaji da sasantawa, sau da yawa daga nan yake tasowa: ɗa yana ganin idan bai bi kowace maganar uwarsa a kan gidansa ba ya karya doka. Bai karya ba. Shawararta abin nema ce da saurare, ciyar da ita wajibi ne, amma ragamar gidan tana hannunsa da matarsa. Katekizim ɗin ya kuma gargaɗi iyaye kada su tilasta wa 'ya'ya a zaɓen sana'a ko abokin aure, ko da yake yana so 'ya'yan su nemi shawararsu.

Wuri mafi zafi shi ne bangaskiya. A Matiyu 10:37 Yesu ya ce wanda ya fi ƙaunar uba ko uwa a kansa bai cancanci zama nasa ba. A yankinmu, inda gida ɗaya kan haɗa Kirista da Musulmi da mai bin gargajiya, wannan ba zancen littafi ba ne. Abin da koyarwar take nema ga wanda ya saɓa da iyayensa a addini shi ne ya riƙe abin da ya gaskata, ya kuma ci gaba da gaisuwa da aike da jinya, ko da an juya masa baya.

Amsar da yarinyar ta samu

Na ce mata kada ta yi ƙarya, kada kuma ta tsaya a ƙofar gida ta tona wa mahaifinta asiri. Ta koma wurinsa ta durƙusa ta ce, "Baba, ina jin tsoron yin ƙarya, in ce masa ba za ka samu fitowa yanzu ba?" Ta yi shiru tana wasa da bakin ɗankwalinta, sannan ta ce, "Malam, ku dai ku zo ku faɗa masa da kanku."

Na ga gaskiyarta, don mun ɗora wa 'yar shekara tara kayan da na manya ne. Da aka yi taron iyayen yara bayan sujada, na kawo tambayar ba tare da na kama suna ba. Aka yi dariya irin wadda yaran suka yi, sai dai wannan ta fi gajarta. Wani dattijo a layin gaba ya gyara hularsa ya ce shi ma shekaranjiya ya yi wannan aike, da jikansa.